Gangaren Mokolo da Totur a Buɗe

In ka shigo unguwarmu a Garwa kana neman gidana, ba sai an yi maka kwatance ba, ka bi hancinka kawai. Babura huɗu ne a rumfar bayan gidana a lokacin da abin nan ya faru, kuma kowannensu ya girmi ɗana na fari. Duk irin na da ne, masu shan haɗi, waɗanda ake zuba wa fetur da baƙin mai a tanki guda. Injinsu ba shi da kwano a ƙasa inda mai zai kwanta kamar na baburan yanzu. Abin da ya sha shi ne abincinsa, shi ne kuma abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a cikinsa. Shi ya sa suke shuɗin hayaƙi, shi ya sa kuma suke ƙarar nan mai tsini da ke watsa kajin maƙwabta.

Na sha baƙar magana a kansu. 'Yan kilando, masu ɗaukar fasinja a babur, in na tsaya kusa da su a mahaɗar hanya sai wani ya toshe hanci ya ce, "Alhaji, feshin sauro ka fito?" Ni kuma in dubi nasa, mai ƙyalli kamar kwanon amarya, in ce masa ya kawo shi bayan damina biyu mu gani, in har ba a mai da shi murhun gasa masara ba. Ba na jin kunyar hayaƙina. Da hannuna nake haɗa maina. In sayi zuwa-zuwa, fetur ɗin nan da ake jerawa cikin kwalabe a bakin titi, in tace shi da tsohuwar hula, in auna baƙin mai da ƙaramin gwangwanin tumatir, in girgiza jarka har kafaɗata ta gaji. Mai ɗakina takan ce da zan kula da lafiyata rabin yadda nake kula da jarkar nan, da likita bai san sunana ba.

Yadi nake sayarwa, sana'ar da kakana ya zo da ita daga Kano. Ita ce ta riƙa kai ni kasuwar Mokolo ina saurayi. Wata ranar kasuwa, ina tsakiyar yanka wa wata mata atamfa, na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba, murya biyu a tare, ɗaya na bin ɗaya. Na ajiye almakashi na bi ta. Jan babur ne mai silinda biyu da salansa biyu, ƙirar wata ƙasa ta Turai, an ɗaure masa buhunan dankali har ya durƙusa. Mai shi wani dogon manomi ne daga kan dutse, da ƙaramin gicciye a wuyansa, ya girme ni nesa ba kusa ba.

Na ce, "Nawa za ka sayar?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A garinku ba a gaisuwa?"

Na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi gida da kasuwa, sannan ya ce babur ba na sayarwa ba ne.

Haka muka yi shekaru. Ina ce masa Papa kamar yadda mutanensa ke kiransa, shi kuma yana ce mini Bahaushe, ko Malam in yana jin kirki. In kawo masa fulogi, wanda yake kira buji, ya ba ni dankali. Na san gidansa a can saman dutse, ɗakuna masu tsinin kai a cuɗe da rumbuna, gonakin gero hawa-hawa an tokare su da duwatsu. In lokacin salla ya yi, da kansa yake sa a ba ni ruwa a ƙwarya a shimfiɗa mini tabarma bayan rumbu. Abu ɗaya ne bai taɓa haɗa mu ba, awon mai. Ni gwangwani ɗaya nake zuba wa jarka, shi ɗaya da rabi. Ya ce ni marowaci ne irin na 'yan kasuwa. Na ce shi so yake ya shaƙe fulogi ya shaƙe jama'a. Ko sau ɗaya babu wanda ya sauko wa ɗan'uwansa.

Shi ne ya fara faɗa mini a fili abin da hannuna ya riga ya sani. Ya ce irin wannan babur ba a hawa ake kashe shi ba, a gangara ne. Mutum ya ga tudu ya juya ƙasa, sai ya rufe totur, wato hannun ba wa injin wuta, ya bar giya ta riƙe shi. Tayar baya na juya injin da gudu, amma babu abin da ke shiga cikinsa, ba fetur, ba mai. Ya bushe, ya yi zafi, fistin ya manne a silinda, shi ke nan. Dole ka kama kuloci, ka dogara da birki, kana murɗa totur jefi-jefi don ya sha. Wanda ya hango ka daga nesa sai ya ɗauka taɓin hankali ne, mutum na gangarowa yana ƙara wuta.

Shekaru suka ja. Idon Papa ya fara hazo, har ya rufe. Duk da haka duk Lahadi in an dawo daga coci sai ya lalubi babur ya tayar da shi a tsakar gida, ya saurare shi, ya kashe. Ni kuma gwiwata ta dama ta lalace. A banɗaki na zame, a kan siminti mai santsi, amma da aka zo rabon laifi sai aka ɗora wa babura. Likita ya ce kada in sake buga kik da ƙafar. Mai ɗakina ta karɓi maganar ta ƙara mata gishiri, ta ce ya hana ni hawa ɗungurungum. Ɗana na fari ya goya mata baya. Magidanci ne, yana da sababbin babura da ya raba wa 'yan kilando, kuma ya iya tuƙi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Suka tattara makullaina suka ɓoye. Abin ya ba ni dariya, don da ƙusa ma zan iya tayar da kowanne, amma ya fi ba ni haushi. Damina guda cur na yi ana goya ni a baya kamar buhun gawayi. In ba kowa a gida sai in shiga rumfa in tayar da ɗaya da ƙafar hagu, in zauna a kan benci ina shaƙar hayaƙi.

Da kaka, gero ya fara sunkuyar da kai, 'yar Papa ta kira ni a waya. Ita ce ke kula da shi. Ta ce 'ya'yansa maza sun gama magana da wani mai walda, da zarar an gama girbi za a cire injin jan babur a haɗa shi da injin niƙa. Ta ce Papa ya ce in zo in ɗauka. Amma da sharaɗi. Ba za a ɗora shi a bayan mota kamar gawa ba. Da tayoyinsa zai sauka daga dutsen, kuma yana so ya ji saukar da kunnensa.

A ranar an ji muryata har gida na uku. Mai ɗakina ta ce, "Alhaji, huɗu ba su ishe ka ba? Ko so kake a kawo mini kai a cikin tabarma?" Na ce mata babur ɗin da na yi rabin rayuwata ina bi ba zai ƙare yana niƙa wa mata gero ba ina numfashi. Ta kafe, na kafe. Daga ƙarshe ɗana ya shiga tsakani. Ya ce za mu tafi tare a motar haya, shi zai tuƙo babur daga kan dutse ina bayansa, in mun iso tashar Mokolo a ɗora shi a mota zuwa Garwa. Na yarda don babu yadda zan yi, amma raina bai so ba.

A cikin mota, tun daga garin Gidar, nake yi masa bayanin gangara. Na ce ba irin nasa ba ne. Na ce babu fistin wannan babur a ko'ina, don na sa an duba Marwa, an duba Mubi, an duba Kuseri, har Kano na aika. In ya manne, ya mutu ke nan. Yana latsa wayarsa yana cewa, "To, Baba." Na san irin wannan to ɗin. Shi ne wanda ake ce wa tsoho don ya yi shiru.

Da hantsi muka hau dutsen a bayan 'yan kilando. Papa yana zaune a inuwar rumbu, ya rame, amma muryar tana nan. An fito da babur an goge shi. Na miƙa masa bargon da na kawo, da atamfa ta 'yarsa, don na san in na ambaci ciniki zai kore ni. Na zuba haɗina a tanki. Ya sa aka kai shi kusa, ya buɗe murfin ya sunsuna, ya taɓe baki. Babban ɗansa yana tsaye gefe ya harɗe hannu. Ya ce da mu, "Ƙarfe ne dai. In ya mutu muku a hanya ku bar shi nan, masu awon tsohon ƙarfe za su saya."

Papa ya ce, "Wa zai tuƙa?"

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni.

Ɗana ya ce, "Ni ne, Papa."

Tsohon ya miƙa hannu, ya lalubi hannun daman ɗana, ya jujjuya shi, ya sake shi. Ya ce, "Hannun sabon moto. Dusuma, yaro, a hankali." Sannan ya ce a kai shi kan falalen dutsen da ke bakin gida, inda ake jin duk abin da ke tafiya a hanyar har ƙasa.

Ɗana ya buga kik sau biyu, injin ya kama. Murya biyun nan ta cika tsakar gidan, ba abin da ya ragu a cikinta. Na hau baya, muka fita.

Hanyar ta fara da sauƙi, sannan ta karkata ƙasa tsakanin manyan duwatsu, tsakuwa na gudu ƙarƙashin taya, gefe ɗaya gonaki hawa-hawa har can ƙasa. Ɗana ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya sa giya ta biyu, ya rufe totur. Na ji injin ya ɗauki kuka mai tsawo, siriri, babu kitse a cikinsa. Na waiwaya. Babu hayaƙi a bayanmu, hanya fes.

Na buga kafaɗarsa na ce, "Ba shi mai."

Ya ce, "A gangara, Baba?"

"Kama kuloci ka murɗa masa."

"In na kama kuloci birkin nan ba zai riƙe mu biyu ba. Bari mu wuce kwanar can."

Bayan kwanar akwai wata, na san hanyar. Kukan ya ƙara tsini, har na fara jin wani ƙaiƙayi na ƙarfe a ƙarƙashinsa. Zafin injin yana dukan ƙwaurina. Na sake magana, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Sai na zura hannu ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, na kama kuloci a kan yatsunsa, na matse. Babur ya saki, ya zabura gaba. Ya taka birki da ƙarfi, tayar baya ta ja ƙasa, muka tsaya a karkace dab da tokarin wata gona. Injin ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi komai tayar mini da hankali. Na ɗaga kai. Ba a ganin falalen daga nan, amma na san akwai makaho a kansa yana jin wannan shirun tare da mu.

Ɗana ya juyo. Ya ce, "Baba, kashe mu za ka yi saboda ƙarfe?"

Na ce, "Sauka."

"Umma ta ce..."

"Uwarka tana Garwa. Sauka."

Ya sauka, amma bai saki kan babur ba. Ya ce shi ba injin yake ji ba, ni yake ji. Ya ce tun da muka taso ransa ke hannunsa, yana tunanin gwiwata. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Amma na gaji da a riƙa kashe ni da tausayi. Na ce masa likita ƙafata ya hana buga kik, bai ce hannuna ya mutu ba, bai ce kunnena ya toshe ba. Na ce wannan hanya tun ba a haife shi ba nake bin ta.

Ya ce, "In ka faɗi, me zan je in ce a gida?"

Na ce, "Ka ce ubanka daga kan babur ya faɗi. Ya fi a ce a banɗaki."

Ya dubi ƙasa, ya dubi hanyar, sannan ya cire hannunsa daga kan babur.

Na durƙusa da ƙyar na danna kik da tafin hannu, a hankali. Ya tafi. Fistin bai manne ba, amma saura ƙiris. Na kwance fulogi biyun, sun yi fari fat kamar toka. Na ɗiga baƙin mai a ramukan, na juya injin da hannu, na mayar da su. Muka jira ya huce. Wasu mata masu yankan gero suka tsaya suna kallonmu, ɗaya ta tambaya da Fillanci ko lafiya, na ce jam. Duk tsawon jiran tunanina yana kan falalen, ina cewa yanzu tsohon nan ya gama yanke hukunci a kaina.

Na ɗaga ƙafar da hannu biyu na ƙetara sirdi. Ban buƙaci kik ba, gangara ce a gabana. Na ce wa ɗana ya hau. Ya hau, ya rasa inda zai sa hannunsa, daga ƙarshe ya riƙe ƙuguna kamar lokacin da nake kai shi makaranta. Na saki birki, muka mirgina, na saki kuloci. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya kama. Na matse kuloci na murɗa totur har ƙarshe, ba don injin kaɗai ba. Ina so a ji a sama. Ƙarar ta bugi duwatsu ta dawo mana.

Haka muka sauko. Kuloci a matse, birkin gaba, birkin baya, in ba wannan hutu in kama wancan don kada su yi zafi, in murɗa, in saki, in murɗa. Duk takun birkin baya sai gwiwar ta soke ni har cikin kai. Tsoro na ji shi, ba zan ɓoye ba, musamman a kwana ta ƙarshe inda ruwa ya cinye rabin hanya. Amma daɗin da na ji ya fi tsoron yawa. Shuɗin hayaƙi ya bi bayanmu ya kwanta a kan gero. Can na ji muryar ɗana a kunnena yana cewa, "Ba shi, Baba, ya fara bushewa." Ashe kunnensa ya fara kamawa. Na murɗa.

Da muka shigo Mokolo ya nuna da hannu ya ce, "Baba, ga tashar."

Na ce, "Na gan ta."

Ban tsaya ba. Sai da muka sha mai a hanya, na haɗa shi da kaina a bakin titi, ɗana ya buga mini kik. Dab da magariba muka shigo Garwa, gwiwata ta kumbura kamar duma. Mai ɗakina ta fito ta dubi wanda ke gaba, ta dubi wanda ke baya. Ɗana ya ce, "Umma, ki ba shi makullansa." Ba ta ba ni ba a ranar, kuma ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta bakin jikoki. Amma ita ta dafa ruwan da aka gasa mini ƙafar.

Washegari na kira 'yar Papa in gaya mata mun iso lafiya. Ta ce ai sun sani tun jiya. Ta ce da ƙarar ta ɗauke, Papa ya cire hularsa ya ɗora a cinya, kamar wanda aka kawo wa saƙon rasuwa. Babban wansu ya ce ai dama ya faɗa. Suka ce ya tashi su shiga inuwa, ya ƙi, ya ci gaba da zama cikin rana. Da ƙarar ta dawo, yana jin murɗawar farko da ta biyu, sai ya mayar da hularsa ya ce, "Yanzu Bahaushe ya hau." Ta ce su sun daina jin komai da daɗewa, shi yana nan zaune yana cewa har yanzu yana ji.

Na ce ta ba shi wayar. Na ji numfashinsa, na jira ya sa mini albarka ko ya yi mini kirari.

Ya ce, "Malam, manka ya yi kaɗan. Na sunsuna. Ka ƙara rabin gwangwani."

Na ce, "Papa, zai shaƙe buji."

Ya ce, "Marowaci," ya miƙa wa 'yarsa wayar.

Papa bai ga damina ta gaba ba. Jan babur yana rumfata, na biyar, kuma duk Juma'a da safe ina fita da shi har gadar Binuwai in dawo, ɗana ya buga kik ni in tuƙa. Likita ya gaji ya daina magana. Tun ranar da aka gaya mini rasuwar, gwangwani ɗaya da rabi nake zubawa. Fulogi na shaƙewa kamar yadda na faɗa, ina kwancewa ina gogewa. Hayaƙin ya ƙaru, maƙwabta sun ƙara ƙorafi, har an kai maganata wurin mai unguwa. Na ce a gaya musu su rufe tagoginsu.